Rijiyar Bahago

Zuwa ga jikata Mai Hoton Ƙashi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zaman birni? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da kullum take ce mini hadari na tafe, ga shi wata biyar ko gajimare ba mu gani ba. Ƙarya take yi, tsufa ne. Yayata, wadda kuke ce wa Iya, tana gaishe ki. Ta ce ta daɗe ba ta ji muryarki ba, kuma in wani saurayi ne ya ƙwace mini ke, a gaya mata gidansu ta aika da zagi.

A cikin ambulan ɗin nan akwai hotuna huɗu. Ki riƙe su kamar ƙwai. Uku na mutanen tsohon gari ne, na huɗun shi ne wanda kika sani rataye a shagona, sama da tayoyin keke. Babanmu ne tsaye bakin rijiyar da suka haƙa, diga a hannunsa na hagu, Inna tana miƙa masa ruwa, ga babban dutsen nan a bayansu, can nesa kuma tudu. Saboda wannan hoton ake ce mana gidan Bahago har yau.

Sau ɗaya mai hoto ya taɓa zuwa tsohon gari, ina ɗan shekara shida. Akwati ne mai ƙafa uku, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, mu yara muka watse da gudu. Sai bayan wata biyar hotunan suka iso. Kafin nan zazzaɓi ya ɗauke Baba, ƙyanda kuma ta cinye idon Yaya tana da shekara sha huɗu. Don haka abin da na sani na fuskar ubana, daga takardar nan na san shi. Bayan shekara shida aka yi babbar ambaliya, rairayi ya binne tsohon gari da rijiyarsa, muka dawo nan bakin hanya.

To ga dalilin wasiƙa. Famfon gari ya ƙafe. Masu injin haƙa sun zo sun huda wuri biyu, ƙura kawai suka fitar. Mata na fita da asuba zuwa gindin rafi, ba sa dawowa sai rana ta take. Ita kuwa rijiyar Baba, manya sun ce ko a shekarar babban fari ba ta taɓa gaza guga ba. Na tashi a taron gari na ce da tsohuwar zuma ake magani, na san inda take: dama da dutse, in ka fuskanci tudu.

Tunda hoto ne aikinki, ki wanke mini shi babba. Ina so in auna tsakanin dutse da rijiya da tsayin Baba, in ga tsayinsa nawa ne, sai in mayar da shi taku. Kada ki ce ba ki da lokaci. Wanda yake ɗaukar hoton abin da ke cikin mutum, na waje ba zai gagare shi ba.

Kakanki,
Mai Gyaran Keke

*

Zuwa ga Kaka, angona na dindindin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, aiki da godiya. Ka shafa wa gwiwar man da na aiko bara, na san yana nan ka ɓoye shi a gwangwanin kusoshi. Ka gaishe mini da Iya, ka ce mata saurayi bai samu ba, duk wanda ya zo sai in ga ba shi da gemu irin naka.

Kaka, ka sa ni dariya har wata mai jinya ta leƙo. Ni haƙarƙari da ƙugu nake ɗauka, in na ɗauki Baban naku ƙasusuwa za ka gani. Amma akwai wani dattijo mai wankin hoto a bayan asibiti, na kai masa. Ya ce sai ya sake ɗaukar hoton da kyamararsa sannan ya faɗaɗa, mako uku zai yi.

Kafin in kai masa na kwana biyu da su. Da na tashi aiki na rufe ƙofa, na jera su a ƙarƙashin fitilar da nake duba fim, na ɗauko gilashin ƙara girma. Mutum talatin da bakwai na ƙirga a hotuna ukun nan, kowa ya zuba wa akwatin ido bai san abin da zai fito ba, kuma ba ɗaya da ya rage a duniya. Ga wata tsohuwa da igiya a kafaɗa, ga masu awon hatsi, ga wani ya rungume ɗan maraƙi kamar jariri. Ina kallonsu suna kallona, har na ji kunyar zama ban gaishe su ba.

Shi kuwa Baba, kunnuwana ne sak a kansa, yanzu na san wanda zan kai ƙara. Kuma ka san ya taɓa karyewa a ƙashin wuya? Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, an ɗora ta ta kama a karkace. Da wannan kafaɗar ya haƙa rijiya. Na daɗe ina kallon wurin.

Don Allah ka jira babban hoton kafin a sa diga a ƙasa.

Jikarka

*

Jikata,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Wasiƙarki ta same ni bayan aikin gama ya gama, don ban jira ba. Wa zai ga mata na dawowa da wuya a sanƙare ya zauna jiran gidan waya? Hoton nan shekara saba'in ina kallonsa, na haddace shi fiye da karatun da aka yi mini da bulala.

Magidanta goma sha ɗaya suka bi ni. Dutsen yana nan, rabinsa a cikin rairayi, sumul kamar ƙwai, ko ta ina ka zagaya shi ɗaya ne. Na fuskanci tudu, na auna dama, na ce nan. Kwana tara muna haƙa. Muka matsa gaba muka sake rami, muka matsa baya muka sake. Ran na goma gefen rami ya rufta ya danne ƙafar Tela, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Mai ɗori yana ta fama. Mai gari ya hana kowa komawa.

Ita kuma Yaya ta ishe ni. Tun ran farko take cewa, “Hagu ne, ku mutanen nan. Ni na ɗebi ruwan.” Haka take faɗa tun muna yara, har cewa take Baba ba bahago ba ne. “Ni da na sha marinsa na san hannun.” Na ce Yaya, gani ya kori ji, ga hoto. Ta ce ita ba ta ga hoto ba, rijiya ta gani. Samari suka kwashe da dariya, wani mara kunya ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na kore shi da sifana, amma a raina ban ga laifin maganar ba.

Yanzu dariyar ta dawo kaina. In na wuce sai a yi shiru. An aika wa babban ɗana, kawunki Direba, cewa kan tsoho ya juye. Ya zo da babbar motarsa ya tsugunna gabana, murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro, wai in koma wurinsa in huta. Ɗaki ɗaya gare shi na baƙi, don haka Yaya sai a kai ta ƙetaren rafi gidan wata jikar kawunmu. Shekara ashirin da biyu, tun rasuwar matata, ni da Yaya muke gidan nan. Ni ne idonta, ita ce mai yi mini faɗa. Na ce masa ba inda za ni.

Amma abin yana cin raina. Jiya na nemi tabarau har na gaji, ashe ina zaune a kansa, ya karye. Shekaranjiya na kira Tela da sunan ubansa. Ke da kike aikin asibiti, kike ganin cikin mutum, ki gaya mini tsakaninki da Allah, ba da wasan jika ba: kan nan nawa daidai yake, ko a juye yake? Abin da kika faɗa shi zan bi.

Kakanki

*

Kaka,

A gurguje nake rubutu, wan Tela zai kama mota yanzu. Sun kawo Tela, na ɗauki hoton ƙafar, za ta warke in sha Allahu. Ya ce wai kana shirin komawa ramin kai kaɗai.

Na duba da kyau, na kuma nuna wa wanda ya fi ni sani. Babu shakka a juye yake, kuma ya daɗe a haka. Don girman Allah kada ka sake haƙa a wurin nan. Cikakken bayani zai biyo ta gidan waya.

Jikarka

*

Zuwa ga Malama ma'aikaciyar asibiti,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai ta.

Saƙonki ya iso ran Laraba. Da yake ba tabarau, rubutunki kuma kamar tafiyar tururuwa, sai na miƙa wa Malamin makaranta ya karanta mini a ƙofar shago. Direba yana nan, mai gari yana nan ya kawo taya a yi masa faci, ga masu zaman banza cike da benci. Ni da bakina na ce ya ɗaga murya, don na ɗauka jikata za ta wanke ni. Da ya kai tsakiya ya so ya tsaya, na ce ya ƙarasa.

Ban yi fushi da kika faɗi gaskiya ba, ni na roƙa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne “ya daɗe a haka”. Tun yaushe? Tun kina zuwa hutu ina ɗora ki a kan keke? Ashe duk labaran tsohon gari da nake ba ku kuna gyaɗa kai, haƙuri kuke yi da ni? Kuma har da kai maganata gaban wani likita ban sani ba. Da kin rufa mini asiri kin rubuta wa kawunki shi kaɗai.

Na ba Direba amsa. Asabar ta ƙarshen wata zai biyo da mota. Na raba kayan aiki, na bar sifana ɗaya don ban iya ba da ita ba. Na je na duba matar Tela na ba ta haƙuri. Da na gaya wa Yaya ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi tayar mini da hankali. Sai kawai ta ce, “To wa zai riƙa yanke mini farce?”

Cikakken bayanin bai iso ba, ba na kuma bukatarsa. Hotunan ki riƙe, na bar miki. Wan Tela ne zai kawo miki wannan.

Mai Gyaran Keke

*

Kaka! Kaka na!

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka. Gaisuwa a taƙaice, lafiyata ƙalau in ban da kukan da na sha. HOTON NE A JUYE, BA KANKA BA.

Wasiƙar da ka yi mini tambaya a cikinta sai jiya ta iso, rana ɗaya da ta hannun wan Tela. Lokacin da na rubuta 'yar takardar nan ban san ka tambaye ni komai ba. Wanda ya fi ni sani kuwa dattijon nan ne mai wankin hoto, ba likita ba. Garin neman gira na rasa ido. Ka yafe mini.

Ga yadda abin yake. Ran da aka kawo Tela, da safe na karɓo babban hoton. Ina buɗewa na ga abin da ƙaramin ya ɓoye. Inna tana miƙa wa Baba ruwa da hannun hagu. Kaka, wace mace ce za ta miƙa wa mijinta ruwa da hagu, gaban jama'a, ana ɗaukar hoto? Na koma kan sauran ukun. Mai awon hatsi da hagu yake awo. Dattawa biyu suna musabaha da hagu. Gari guda ba zai zama na bahagwai ba. Sannan a ƙasan hoton rijiya akwai garwar kananzir, rubutun jikinta ta baya yake tafiya.

Dattijon ya ce a da kan faifan gilashi ake ɗauka, in mai wanki ya kifa gilashin ta baya, dama sai ta koma hagu. Kuskuren mutum ɗaya ne, a wani ɗaki mai duhu, shekara saba'in da suka wuce. Mu ma a aikinmu haka ne, shi ya sa ba na ɗaukar ƙafa ko hannu sai na ajiye ɗan harafin ƙarfe a gefe, don kada a ɗaure lafiyayyar ƙafa a bar karyayyar. Hoto ba ya ƙarya, amma bai san damansa da hagunsa ba sai an gaya masa.

Ga babban hoton na ba Tela, an sallame shi da filasta. Ka tsaya gaban madubi ka riƙe shi a ƙirji, abin da ka gani a madubin shi mai hoto ya gani. Baba da dama ya riƙe digarsa. Rijiya tana hagu da dutse.

Tunaninka bai taɓu ba, Kaka. Kana ɗan shekara shida aka ba ka takarda aka ce ga ubanka, ka riƙe ta da amana. Duk wanda yake da ido a garin nan haka ya yi. Ina ta juya abin a raina har yanzu mamaki bai sake ni ba: mutum ɗaya ce hoton bai taɓa shiga kanta ba. Ka je ka tambayi Iya.

Kada ka hau motar nan.

Jikarka mai laifi

*

Zuwa ga amaryata Mai Hoton Ƙashi,

Gaisuwa irin ta wanda ya ji kunya. Lafiya lau muke, Yaya lafiya, Tela yana takawa da sanda. Sabon tabarau ne a idona, Direba ya kawo. Wasiƙarki ta gidan waya, mai cikakken bayani, sai shekaranjiya ta iso tana tafiyar hawainiya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Yafiya kuwa ni zan nema, ni da na kira ki Malama.

Tela ya iso ran Juma'a da yamma. Asabar da hantsi motar Direba tana ƙofar gida, har an ɗora akwatina. Na karanta wasiƙarki sau uku ban gaya wa kowa ba, don na ji tsoron a ce ciwon ne ya motsa. Kuma gidanmu ba madubi, me ni da Yaya za mu yi da shi? Sai na fito da hoton na je na tsaya gaban madubin motar, na gefen direba. Kawunki ya zo zai kama hannuna. Ya kalli madubin, ya kalli garwar kananzir, ya karanta rubutun tiryan-tiryan. Mutumin da ya shekara ashirin yana karanta bayan hanya a madubi ba sai an yi masa bayani ba. Ya ce, “Baba, ba ni in gani.” Ya juya hoton, ya mayar, ya juya, ya mayar. Sai ya kashe mota.

Na shiga wurin Yaya tana zaune kan ƙunshin kayanta. Na durƙusa duk da gwiwa na ce, “Yaya, ina rijiya take?” Ta ce, “Yau kuma? Ba ka da hoto?” Na ce hoton ya tuba. Ta ce a kai ta.

A gaban mota muka sa ta, rabin gari suka biyo mu a ƙasa, har mai gari. Da muka isa ta ce a ɗora hannunta a kan dutsen. Ta bi shi da shafa, ta zagaya hagu, ta durƙusa ta fara tone rairayi da yatsu. “Akwai gurbi a nan inda muke jingina tulu kafin a ɗora mana.” Aka kawo shebur. Kamu biyu a ƙasa sai ga shi, wani lotsi a jikin dutse, santsi kamar cikin ƙwarya, gindin tuluna ne suka cinye shi. Na sa hannuna a ciki. Tulu nawa ne zai ci dutse haka, jikata?

Ta ce taku sha tara ne, amma takun budurwa, kuma ba ta iya shi sai da kaya a ka. Wata ta sauke tulunta ta juye ruwan a bokiti aka ɗora mata. Abin da na gani ba zan manta ba har in mutu. Tsohuwar nan da ta shekara goma a dunƙule, tana jin tulu a kanta sai bayanta ya miƙe. Ta ture hannuna. Ta taka ita kaɗai, kai tsaye, ba sanda, ba lalube, leɓenta na motsi. Ta tsaya ta buga ƙafa ta ce, “Nan. Kuma ku haƙa a hankali, a rufe take. Ran da ruwa ya fara shigowa gari na ji su Baffa suna jan falalen duwatsu, sun ce za a dawo.” Ni lokacin ina can kan tudu da awaki, ban taɓa sanin an rufe ta ba.

Direba ya tuɓe riga ya karɓi diga. Mara kunyar nan mai karin magana shi ya fi kowa kwasar rairayi, kansa a ƙasa. Kwana biyu aka yi. Litinin da azahar, rami ya kai ƙirji, shebur ya yi ƙara. Falale uku ne a jere, an liƙe tsakaninsu da yumɓu. Da aka ɗaga na tsakiya wata iska mai sanyi ta fito ta bugi fuskokinmu, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Mai gari ya jefa tsakuwa. Muka kasa kunne. Sai muka ji ta faɗa ruwa.

Ban san yadda zan rubuta miki ihun matan nan ba, don haka na bar shi.

Ginin ciki dutse ne kan dutse, ba siminti, ko ɗaya bai goce ba. An bar 'yan ramuka na sa ƙafa har ƙasa. Bayan an bar ta ta sha iska kwana guda, Direba ya ɗaura igiya ya sauka, gaba tara. Ya daɗe har na fara jin tsoro. Da ya fito jikinsa duk laka, ya zauna a baki yana haki, ya ce, “Baba, ramukan nan daidai ƙafata. Ban nemi ko ɗaya ba, ina miƙa ƙafa take samu.” Sai ya rufe fuska da hannu, ƙato da shi. Da muka koma gida shi da kansa ya sauke akwatina ya mayar ɗaki, ya kwance ƙunshin Yaya. Ran Laraba ya tafi da jarka biyu a mazaunin da aka tanadar mini.

Ruwan farko da ya kwanta Yaya aka kai wa. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce ita ce, sai dai guganmu yana warin roba. Na zauna kusa da ita na ce ta yafe mini shekara saba'in. Ta ce, “Kai dai kullum da son dogon zance. In kana son yafiya, gaya mini abin da ke cikin hoton nan. Tun da aka kawo shi kuke cewa ga hoto, ga hoto, ba wanda ya taɓa zama ya faɗa mini abin da ke ciki.”

Gaskiyarta. Ban taɓa ba. Na ɗauko babban na fara: ga Baba, ga digarsa, ga kafaɗar da kika ce ta karye. Ta ce daga kan rumbu ya faɗo. Ga Inna da ƙwarya. Ina bin gefe da yatsa sai na tsaya, don wani ɗan duhu da na ɗauka tabo ne a ƙaramin hoto, a nan mutum ne. Yarinya ce doguwa a jikin dutse, tulu a ka, ta waiwayo tana dariya.

Na faɗa mata. Ta ce, “Zanen mai ratsi ne?” Na ce mai ratsi ne. Ta ce, “Idonta a buɗe yake?” Na ce a buɗe, Yaya, manya, farare tas. Ta ce, “Me take kallo?” Na duba da kyau. Ba mai hoto take kallo ba, wani abu ne can gefe da bai shiga hoton ba. Ta yi dariya har da tari. “Kai ne. Ka ga akwati ka zura da gudu, wandonka ya zame.”

Ta ce in sake faɗa mata daga farko, a hankali, kada in tsallake kowa. Yau kwana shida ke nan, kullum bayan la'asar sai na faɗa, kuma har yanzu ba mu gama da 'yan kallon da suka fito a bayan rijiya ba, don duk wanda na kwatanta sai ta ba ni sunansa da na ubansa da abin da ya kashe shi, ni kuma ina rubutawa. Ki aiko da sauran ukun manya. Mutum talatin da bakwai ne, kin ce. Ki gaya wa kawunki ya daina ajiye mini ɗaki, aiki ya yi mini yawa a nan.

Kakanki,
Mai Gyaran Keke